Abin da Aka Rubuta a Bayan Hoto

Wata takwas ke nan cur rabon Luba da sabon rubutun Sabiru, amma ba a taɓa wayar gari rana ta faɗi ba ta karanta tsohon ba.

Yau ma hantsi na dubawa ta shige ɗakin wanke hoto da ke jikin zauren gidansu a Tsafe, ta tura ƙyaure, ta jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur. Hotuna arba'in da ɗaya ne a ciki, duk aikin hannunta: amare, masu jego, tsofaffi da jikokinsu, matan da namiji mai hoto bai isa ya taka ɗakinsu ba. Ita dai ba ruwanta da fuskokin. Juya katin take yi ta karanta abin da ke baya, rubutun fensir mai kwanciya gefe irin na bahago.

"Hasken taga ya ƙone goshin amarya. A matsar da ita taku ɗaya, a sa wata ta riƙe farin zane ta ɓangaren inuwa."

"An goge tsagar tsohuwar nan da fensir. Don me? Shekara saba'in tana yawo da abarta, ba ta kai ƙara wurin kowa ba."

Sai na goma sha bakwai, wanda gefensa har ya yi laushi don taɓawa.

"Mai wannan hoton mace ce. Babu namijin da mata za su saki jiki su yi wa irin wannan dariyar. Ko wace ce, Allah ya yi wa hannunta albarka, amma ta yanke ƙafar wadda ke hagu."

Ka ji mutum. Ko yabo zai yi sai ya cusa gyara a ciki. Luba ta yi murmushi, hawaye ya sauko, ta yi sauri ta kare katin da tafin hannu don kada ya jiƙe.

Taron Asabar ne ya haɗa su, shi ne kuma ya raba su. Mahaifinta, Malam Attahiru Mai Hoto, shi ya kafa taron shekara goma sha biyu da suka wuce. Duk Asabar masu hoto na Gusau da Tsafe da Bungudu sukan hallara a barandar wani shago a Tudun Wadar Gusau, kowa da aikinsa na mako a ambulan, a zube a tebur a cakuɗa. Doka biyu ce, kuma da bakinsa Malam ya yi su: ba a rubuta suna, ba a yabon ƙarya. Kowa ya ɗauki katin da hannunsa ya kai, ya rubuta gyara a baya, in an gama a zaɓi guda a yi maganarsa a fili. Luba ba ta zama cikin maza, don haka Baba ke cusa nata a ambulansa. Ta haka fensirin Sabiru na Bungudu ya san hanyar gidan, daga baya ƙafarsa ta biyo. Har Malam ya fara ce masa yaron kirki, har an fara zancen turo manya bayan kaka.

Sai ga ranar tsautsayi. Babur ɗin Sabiru ya yi faci a hanya, ya iso a makare, bai ga hannun da ya ajiye katin da aka zaɓa ba. Sauran duk sun gani. Hoton wani tsohon manomi ne na 'Yandoto, riƙe da galma. Kowa sai santi yake zubawa, wannan ya ce madalla, wancan ya ce sai manya. Da aka miƙo wa Sabiru, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya ce tsayuwar ta yi, hasken ya yi, amma saitin ya tafi kan itacen da ke baya, fuskar dishi-dishi. Da ya tsaya nan da sauƙi. Ina, bakin nan bai san birki ba. Ya ƙara da cewa kati na uku ke nan da ya gani haka cikin wata guda, ko wane ne mai shi hannunsa lafiya lau, idonsa ne ya gaji, ya je a duba shi.

Malam Attahiru ya miƙe, ya zare katinsa daga hannun Sabiru, ya sa aljihu, ya nufi tasha. Tun daga ranar bai sake zuwa taro ba, ya hana ambulan fita daga gidansa, ya hana babur ɗin nan tsayawa a ƙofarsa.

Abin da ya fi ci wa Luba rai shi ne gaskiya Sabiru ya faɗa, kuma duk duniya ba wanda ya kai ta sani. Shekara biyu ke nan da farar yana ta fara rufe idon Baba. Duk wanda ya zo ɗaukar hoto a zaure, sai ta yafa gyale ta tsaya gefen Baba da sunan riƙe masa ƙafar kyamara. In ya ɗago kai yana ce wa mutum ya gyara hula, sai ta leƙa ta murɗa saiti da yatsa biyu. Hoto ya fito tar, Malam ya shiga gida yana ce wa Inna, "Kin gani ko? Idon ga da sauransa." Hotunan 'Yandoto shi kaɗai ya je ya ɗauko su, ba ta wurin.

* * *

Ƙwanƙwasa ƙyaure aka yi. Luba ta tura gwangwanin da ƙafa.

"Buɗe, ni ce. Na san abin da kike yi, ba sai kin ɓoye ba."

Inna ta shigo tana toshe hanci da gefen zane, don har yau ba ta saba da warin ruwan wanki ba. Ta dubi idon ɗiyarta, ta girgiza kai.

"Lubabatu, shekararki ashirin da biyar. Ƙannenki biyu suna ɗakunansu. Ga Mannir, mutum da shagonsa a Gusau, da injin hoto mai kala, ya yi sawu a gidan ga har takalminsa ya san hanya. Mi kike jira?"

"Inna, Mannir bai taɓa ganin hotona ya ce komai ba sai ya yi kyau. Wanda na ƙone ma ya yi kyau."

"To laifi ne miji ya ce ya yi kyau? Mu da muka shekara talatin muna jiran a ce mana haka?"

Luba ta sunkuyar da kai. Inna ta yi ajiyar zuciya, ta zauna a bakin benci, muryarta ta sauko.

"Ni da Goggonki Hadiza mun yi ta fama da Malam har ya yarda. Ranar Lahadi bayan la'asar Sabirun ya zo. Malam zai ɗauki sabon hoto da hannunsa ya nuna mashi. In ya duba ya janye maganarsa, ya ce idon Malam lafiya lau, an wuce wurin, ya turo manyansa. In ya sake maganar nan, to Malam ya rantse ko sunansa ba za a ƙara faɗi a gidan ga ba. Ya ce ba zai yi maki dole a kan Mannir ba, amma Sabiru kam har abada."

Zuciyar Luba ta yi wani tsalle. Ai wannan mai sauƙi ne. Za ta tsaya gefen Baba yadda ta saba, ta murɗa saitin, hoto ya fito fes, Sabiru ya faɗi gaskiya, gaskiyar ta yi wa kowa daɗi. Har ta fara hamdala a zuci sai ta ji muryar Baba daga zaure.

"Ina Luba? Ta sako shuɗin gyalen nan nata ta zo ta zauna. Ita zan ɗauka."

Innalillahi. Haka ta fito, ta zauna a kujerar da ke gaban labule, tana kallon tsohuwar kyamarar Baba mai leƙawa ta sama tsaye a kan ƙafafunta uku, taku biyar tsakaninsu. Taku biyar kacal, amma hannunta ba zai kai ba.

"Baba, in zo in riƙe maka ƙafar? Kamar tana rawa."

"Zauna abinki. Ba ta rawa."

Ya sunkuya, ya murɗa gaba, ya murɗa baya, ya matse ido. Ta ga yadda yatsunsa ke lalube, tausayi ya cika ta.

"Dube ni, ɗiyata," ya ce. "Kamar ranar da na fara ɗora ki a kujerar ga, ƙafarki ba ta kai ƙasa."

Ta dube shi. Ya danna.

Ita ta wanke fim ɗin da kanta, ita ta buga katin. Tana tsaye a kan tasa hoton ya fara tasowa cikin ruwa, furannin labule suka fito ɗaya bayan ɗaya, har zaren ɗinkinsu ana gani. Fuskarta kuwa kamar an huro mata hayaƙin murhu. Ta ɗauko fensir mai tsini ta zauna kan nagetif, wato wankakken fim ɗin, har azahar, tana neman ta fito da ido, ta fito da baki. A banza. Fensir yana rufe tabo, yana sassauta inuwa, amma abin da gilashi bai kama ba ba ya dawo da shi.

Da yamma sai ga Mannir, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Luba na jin su ta bayan ƙyaure. Malam ya miƙa masa katin, Mannir ko daƙiƙa biyu bai yi yana dubawa ba.

"Allah ya ja zamanin Baba. Ai ko a Kaduna ba a samun irin wannan. Laushin nan na fuska, mu sai mun wuni muna gyara kafin mu same shi."

Malam ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Luba ta jingina da bango ta toshe bakinta da gyale.

* * *

Ranar Asabar ta ce za ta kai fina-finan kyamara masu kala wanki Gusau. Tun daga Tsafe ake yayyafi, gero ya yi kore shar dama da hagu, mota ta wuce 'Yandoto, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ita ba abin da take gani. Goggo Hadiza ta riga ta aika wa Sabiru. Ana tashi daga taro ya zo zauren gidan Goggon a Tudun Wada, Goggo ta ajiye kujerarta a bakin ƙofar ciki tana tsinar shinkafa, ta yi kamar kunnenta ya toshe.

Ya rame. Abin da Luba ta fara gani ke nan. Ga fensir a maƙale a kunnensa na hagu kamar kullum. Suka gaisa.

"Duk Asabar sai na juya katunan nan kaf," ya ce daga baya, yana kallon ƙasa. "Na san babu naki, amma sai na juya."

Hawayen da ta riƙe tun daga Tsafe ya ɓalle. Ta ciro kwafin hoton daga jaka ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Ta ga fuskarsa ta canza.

"Shi za a nuna maka gobe," ta ce. "Sabiru, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka. Ka ce ya yi kyau. Kalma uku ce."

"Luba."

"Kalma uku, ka ji. Daga nan ba wanda zai sake sa ka. In mun yi aure ka yi ta gyara mani har ranar da zan mutu, ka cika bayan kowane kati, wallahi ba zan gaji ba. Gobe kaɗai."

Ruwa na ɗiga daga indararo.

"Kin san abin da ya sa na shiga taron nan?" ya ce. "Shekara huɗu ina hoto a Bungudu, kowa na ce mani gwani. Ranar farko da na zo aka rubuta mani a bayan kati, wannan ba hoto ba ne, gawa ce aka jingina da bango. Na koma gida ban ci tuwo ba. Daga baya na gane rubutun Malam ne. Duk abin da na iya yau daga layin nan ya fara. Yanzu in je in dubi idon mutumen da ya yi mani wannan alherin, in yi mashi abin da Mannir ke yi mashi?"

"To ni fa? Ni ina ka ajiye ni?"

"Ke ce gaba da komai."

"Ƙarya ne. Da ni ce gaba da ba ka tsaya kana ba ni tarihi ba." Ta share fuska da gyale, wani hawayen ya maye. "Wata takwas, Sabiru. Wata takwas ina wanke hoto in juya bayansa in gan shi fari fat. Na ɗauki amare sun fi talatin, ban san ko na ci gaba ko na koma baya ba. In na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai hannuna ya ɓata abin da nake yi. Kai ko kana nan kana lallashin gaskiyarka."

"Kina ce ni daɗi nake ji? Ranar kasuwa na ɗauki mutum ba fim a kyamara." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ki saurare ni. Yanar ido ce, ana cire ta. Kawuna an yi mashi aikin a Kano bara, yanzu shi ke zura wa matarsa zare a allura. Amma Malam ba zai je ba muddin kowa na ce mashi lafiya lau. In na yi ƙarya gobe, na same ki, shi kuma shekara biyu nan gaba sai an ja mashi sanda. Za ki yafe mani ranar?"

Maganar ta soki Luba inda bai ma nufa ba, don bai san da yatsunta biyu da ke murɗa saiti ba. Ba wanda ya sani.

"In ka faɗa, ka rasa ni," ta ce a hankali.

"Na sani."

"Kuma za ka faɗa."

Ya sake duban hoton, ya shafa gefensa da babban yatsa.

"Ki bar mani wannan," ya ce. "Ko dishi-dishi ne, ban da wani."

Goggo Hadiza ta yi gyaran murya daga ciki, ta ce hadari na haɗowa, mai zuwa Tsafe ta kama hanya. Da Luba ta shiga yi mata sallama ta tarar shinkafar na nan yadda take, ko tsakuwa ɗaya ba a tsince ba, idon Goggo ya yi ja.

* * *

Lahadi bayan la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Luba na ɗakin wanki, ta bar ƙyaure a ɗan buɗe, Inna na tsaye a soron ciki tana murza carbi. Sabiru ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na zo neman gafara. Na yi magana gaban jama'a ban san da wa nake ba. Da na sani da na biyo ka gida na faɗa maka mu biyu."

"Wato da dai ka faɗa."

Malam ya zaro katin daga aljihun gaba ya miƙa.

"Ga aikin makaho. Duba mani."

Luba ta runtse ido. Ya Allah, kalma uku. Can ta buɗe ido ta leƙa. Sabiru na riƙe da katin.

"Baba, shekara uku ina ganin hotuna a taro, ban taɓa ganin kallo irin wannan ba. Ni ko shekara zan yi ina ɗaukarta ba za ta dube ni haka ba, wannan kallon na uba ne. Zaman ya yi. Hasken da ya sauko ta kafaɗa ya yi, ban san yadda ka yi ka same shi ba."

Malam ya gyara zama, ya shafa gemu.

"Sai dai saitin na kan labule," Sabiru ya ce. "Fuskar ba ta fito ba, Baba. Ka gafarce ni."

Inna ta saki salati a hankali. Luba ta dafa tebur.

Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya karɓi katin, ya kai shi dab da hanci, ya nisanta shi, ya karkata wajen ƙofa. Sannan ya ɗaga murya kaɗan.

"Luba. Na san kina nan. Fito."

Ta fito, ta durƙusa gefe.

"Ke kika wanke shi, ke kika buga. Kin fi mu ido mu duka. Mannir ya ce ko a Kaduna babu irinsa, wanga ya ce fuska ba ta fito ba. Ɗayansu maƙaryaci ne. Faɗa mani wane."

Ashe abin da ta je har Gusau tana roƙon wani ya yi, ita za a sa. Kalma ukun nan ga su a bakinta, ba nauyi. In ta faɗe su Baba zai yi barci da daɗi, Sabiru ya tashi a maƙaryaci. Ta dubi Sabiru, ya sunkuyar da kai, bai roƙe ta da ido ba ma. Ta dubi Baba. Haske na dukan fuskarsa, ta ga farin abin nan kwance a cikin ƙwayar idonsa kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya fi na bara girma.

"Fuskar ba ta fito ba, Baba." Kuka ya ƙwace mata. "Kuma ba yau ya fara ba. Shekara biyu ke nan. Duk wanda ka ɗauka a zauren ga, in ka ɗago kai ni ke murɗa saitin. Ba ƙafar kyamara nake riƙewa ba. Na ji tsoron ranka ya ɓaci, na yi ta ɓoyewa, ina ji kana ce wa Inna idon da sauransa. Sabiru sau ɗaya ya ɓata maka rai. Ni kullum nake cutarka. Ka yafe mani."

Can waje wata mai fura ta wuce tana talla.

"Shekara biyu," Malam ya ce, kamar mai magana da kansa. Ya kifa katin a kan tabarma. "Kai, tashi ka tahi."

"Baba..."

"Na ce ka tahi."

Sabiru ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya neman takalminsa kamar wanda bai san inda ya ajiye ba. Luba na durƙushe ta ji an tada babur, ta bi ƙarar da kunne har ta ɓace wajen titin Gusau. Malam ya tashi ya shige turakarsa ya rufe.

* * *

Kwana uku bai fito zaure ba, sai masallaci. Bai yi wa Luba magana ba, in ta gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Masu fasfo suka yi ta zuwa ana ce masu Malam ba ya jin daɗi. Luba ta ɗaure gwangwanin biskit da tsumma ta cusa can ƙarshen ƙarƙashin tebur, ta ce ta gama buɗe shi. Kafin azahar ta kwance.

Ranar Alhamis da hantsi tana shara ta ji an kira ta. Ta shiga zaure ta tsaya turus. Baba ne zaune a kujerar gaban labule, da farar rigarsa ta Juma'a da hula. Tun tasowarta ba ta taɓa ganinsa a wannan ɓangaren na kyamara ba. Shekara talatin yana ɗaukar mutane, ko kati ɗaya nasa babu a gidan.

"Tunda ke ke murɗawa, zo ki murɗa a gabana," ya ce. "Ki sa saitin a kan idon. Ban yarda ki taɓa shi da fensir ba, yadda yake haka zai fito."

Ta matsa jikin kyamarar.

"In kin buga, ki sa a ambulan, Goggonki ta kai taro jibi. Kada ki rubuta suna, doka ce."

"Baba, ai kowa zai gane ka."

"Su gane. Ki haɗa da naki na wata takwas ɗin nan, na san kin tara." Ya gyara wuyan riga, ya kau da kai gefe. "Wanga mai bakin kuma, a ce mashi ya rubuta abin da zai rubuta, ya kawo da kansa. Ina son in ji sunan likitan da ya yi wa kawunsa aiki. In zai zo kada ya zo mani shi kaɗai kamar marar dangi."

Luba ta sunkuya ta leƙa gilashi. Ta murɗa gaba, ta murɗa baya. Farar riga, hula, labule, duk sun narke sun haɗe, ba ta ganin komai. Wani ɗigo ya faɗa kan gilashin, wani ya biyo.

"Mi kike jira?"

"Ban gani, Baba."

"To share idonki," ya ce, yana daidaita zama. "Makaho ɗaya ya ishi gidan ga."